Waƙar Niƙan Matata a Tallar Madara

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. A lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne mai ji da kansa a Gaya, kuma in za a bi gaskiya babu wani dalili. Shekara uku kacal na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mahaifina ya ciro ni ya zaunar da ni gaban huhun goro, amma shekara ukun nan na more su fiye da wanda ya ƙare jami'a. A bakin gadar da ta haɗa mu da Benin na yi rayuwata, kusa da duwan, wato ofishin kwastan, ina cika wa direbobin manyan motocin kamiyo takardu, ina fassara musu Faransancin da ni kaina rabinsa nake ji, sauran rabin kuma in cike da ƙarfin hali. Na fara sa tabarau tun idona bai nema ba. Biro biyu nake soke wa a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Abokan zamana na fada, inda muke taruwa shan shayi, suna kirana Mushe, wato Malam a bakin Faransawa, don su zolaye ni, ni kuwa ina amsawa da gaske, har da gyaran murya. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke magana, kada ya ɓata tausayinsa a kaina.

Matata ƴar Tunuga ce, ƴar masunta. Dendi ne harshen da ta sha a nono, Hausa a kasuwa ta tsinta ta zo ta ƙarasa a gidana, kuma duk ranar da na ɓata mata rai sai ta koma harshenta ta wanke ni tas, ni kuma in yi kamar ban ji ba alhali ina ji sarai. Mun haura shekara arba'in tare. Ɗanmu na fari namiji ne. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in za ta ambace shi sai ta ce wancan, ko ta ce mutumin nan. Matata ta riƙe wannan fiye da kowace mace da na sani. Yana da shekara ashirin ya shiga jirgin ruwa da buhunan albasa za su tsallaka Malanbil ta ƙasar Benin, lokacin kogi ya cika ya batse, jirgin ya kife. Sai a rana ta uku masunta suka same shi can ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Mata suka riƙa yabon kararta, suna cewa ga mace ta gari, ko hawaye ɗaya ba ta zubar wa ɗan fari ba. Ni ma na zauna a tabarma ina karɓar gaisuwa, ina ba masu ba ni haƙuri haƙuri, kamar wani limami.

Bayan kamar shekara guda, wata hantsi ranar kasuwa, na dawo gida ɗaukar wata takarda da na manta. Injin niƙa ya cika gari, amma ita tana da dutsen niƙan da ta gada wurin uwarta, a jikin katangar da ke bayan zaure. Ina sa ƙafa a zauren na ji gurzar dutse, na ji murya a kansa. Waƙa take yi da Dendi, a hankali, tana bin tafiyar hannunta. Sunan ɗanmu ta kira, cikakke, sau uku, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Tana tambayarsa ko ruwan da sanyi. Tana ce masa ya fita bai ƙarasa kununsa ba, ta rufe masa. Tana ce masa duk shekarun nan da take kau da kai in ya shigo, da gefen ido take kallonsa. Na zauna a dakalin zaure. Ban shiga ba, ban yi tari ba, da ta gama na fice na bar takardar. Daga baya na gane duk ranar kasuwa take yi, in gida ya watse. Shekara goma sha ɗaya ina sulalewa daga bakin gada a wannan lokacin, in ce wa direbobi zan ga wani babban mutum, in zo in zauna a zaure in saurara. Nan nake yin nawa kukan. Ba ta sani ba.

Sai ga wani baƙo ya sauka a garinmu, mutum mai kamar shekara arba'in, asalinsa daga gabas, ya yi karatun kiɗa a ƙasar waje, yana zaune a Yamai. Hausarsa garau, Dendi kuwa ko gaisuwa bai iya ba, shi ya sa aka haɗa shi da ni, tunda a Gaya in ana neman mai fassara ni nake fara miƙewa kafin a kira. Ya bayyana mini aikinsa, kuma zan faɗa yadda na fahimta. Shi ba ya yin waƙa don a san shi. Kiɗa yake haɗawa ya zuba a wani rumbu na intanet, masu fim da masu talla da gidajen tele na duniya su shiga su zaɓa, kamar yadda mace ke zaɓen atamfa a shago. Yana ɗaukar kalangu ko gurmi ko goge na gida, ya ɗora masa irin kiɗan nan da ake kira jaz, da wata algaitar Turawa mai lanƙwasa da ake ce wa sakso, sannan ya aika wa wasu makaɗa a Turai, su kusan cikin masallaci guda, kowa da gogensa a wuya, su bi a kai. Kowane kiɗa ya yanka shi dogo da gajere da ɗan mitsitsi, ya liƙa masa suna, wannan na murna, wannan na tsoro, wannan na fitowar rana. Na gyaɗa kai na ce masa ai na san irin wannan tun da daɗewa. Ban taɓa ji ba.

Kwana huɗu muna yawo. Na kai shi Tanda wurin wani tsoho mai gurmi, na kai shi bakin kogi ya ɗauki ƙarar filafili da kiɗan ƙwarya a kan ruwa. Mutumin kirki ne, duk wanda zai ɗauka sai ya zauna ya yi masa bayani, ya tambaye shi ko ya yarda. A rana ta huɗu da la'asar muna fada ana shan shayi, ya ce abu ɗaya ya rasa, muryar mace wadda ba ta dandali ba, muryar da ba ta san ana jin ta ba. Akwai wani tela Bazabarme, abokin wasana, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Ya ce wa baƙon kada ya dogara da Mushe a wannan fanni, gidan Mushe babu abin da ke fita sai tarin tsofaffi da ƙarar murfin tukunya, in yana so ya ɗauki minsharina ya ɗora wa sakso. Aka kwashe da dariya, har mai shayi. Maganar banza ce irin wadda muke yi kullum, na sha mayar masa da wadda ta fi ta. Amma ran nan a gaban baƙo mai kiran ni Baba da ladabi, sai ta soke ni. Na ajiye kofi na ce a gidana akwai muryar da duk jihar Dosso babu irinta, kuma ranar kasuwa zan nuna. Ina rufe baki na san na yi ɓarna. Da na so, da na mayar da ita wasa, kowa zai yarda, tunda an saba da ƙaryata. Ban mayar ba.

Baƙon ya tambaye ni ko Inna, wato matata, ta yarda. Na ce ta yarda, sai dai mace ce mai kunya, in ta ga na'ura muryar za ta gudu, don haka daga bayan katanga za a ɗauka. Ya ce shi ya fi so ya gaishe ta ya ji daga bakinta. Na ɗaure fuska irin ta manya na ce a nan ba a shiga wa mutum gida a yi ciniki da matarsa, maganata ita ce maganarta. Ya ba ni haƙuri, wai bai san al'ada ba. Ya tambayi ma'anar waƙar, na ce ta kaka ce, mace tana kiran ɗanta ya zo ya ci sabon hatsi. Ya miƙo takarda shafi uku. Na gyara tabarau, na bi ta da yatsa layi layi ina motsa baki, na ce masa an rubuta ta da kyau. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na sa hannu a madadinta, da irin sa hannun nan nawa mai wutsiya. Kada a ce abin duniya ne ya ja ni, wallahi ba shi ba ne. So nake a ce Mushe ne ya samo.

Ranar kasuwa muka zauna a zaure ni da shi. Ya ɗaura makirfo a kan sanda ya ɗaga shi daidai bakin katanga, ya toshe kunnuwansa da abin saurare. Dutse ya fara, murya ta biyo. Ina kallonsa, na ga ya runtse ido, can na ga ya share fuska da hannun riga. Da muka fita waje ya riƙe hannuna ya ce, Baba ka tabbata wannan waƙar murna ce, don shi jikinsa ba haka ya gaya masa ba. Allah ya ba ni ƙofa ta biyu ta faɗin gaskiya ke nan. Na yi dariya na ce matan bakin kogi haka murnarsu take, in suna kuka ma ai ba zai iya zama ba.

Bayan wasu watanni ya turo mini abin da ya haɗa a waya. Na je bayan masallaci ni kaɗai na saurara. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau, kyan da ya tayar mini da tsigar jiki. Gurzar dutsen ita ce ta zama gangar, wani babban goge mai kauri yana tafiya a ƙarƙashinta kamar sawun raƙumi, sakso yana amsa mata duk inda ta ja numfashi, sannan gogunan Turai su taso gaba ɗaya su ɗaga ta sama. Ya yanke maganar ruwa da ta kunu, tunda a wurinsa sauti ne kawai, ya bar wurin da ya fi masa daɗi, wato kiran sunan, yana maimaituwa. Ya sa masa suna da Faransanci, wani abu kamar safiya mai daɗi a bakin kogi. Na lallashi kaina, na ce Turai za shi, wa zai ji a Gaya. Ban nuna wa tela ba, ban nuna wa kowa ba. Abin da na yi don a yaba mini, ga shi na rasa wanda zan nuna wa.

Kiɗan ya fi shekara kafin ya dawo mana. Ana suna a gidan maƙwabcinmu, mata sun cika ɗaki, tele tana kunne a wata tasha ta Benin babu mai kula ta. Ƴata ce ta ba ni labari daga baya, tana wurin. Sai aka sako tallar wata madarar gari. Wata budurwa mai leshi ta tsaya a bakin ƙofa ta kewaye baki da hannu tana kira, wani yaro mai ƙiba ya sheƙo daga cikin gona ya faɗa jikinta, ta miƙa masa kofi. Muryar da ke kiran ta matata ce, sunan kuma na ɗanmu. Ɗakin rabinsa Dendawa ne, kuma duk tsofaffin sun san sunan, sun san muryar. Wata amarya da ba ta san komai ba ta tafa hannu ta ce Inna ta zama tauraruwa. Sai wata taubashiyar matata, wadda wasa ya halatta mata, ta ce ashe mai karar da ake ba mu misali da ita a ɓoye take kiran ɗan fari da baki cike, har Kotonu an ji. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ƴata ta ce uwarta ta gyara mayafi, ta yi wa mai jego addu'a har ƙarshe, sannan ta tashi ta fita ba ta ɗauki takalmanta ba.

Da na dawo ta kawo mini abinci kamar kullum, ta zuba mini ruwa na wanke hannu. Na ɗauka za ta balbale ni da Dendi, har na shirya fuskar wanda bai ji ba. Da Hausa ta yi magana, a hankali, don kada kalma ɗaya ta wuce ni. Ta ce Malam, tun yaushe kake tsayawa a bayan katangar. Ba ta tambaye ni wa ya ɗauka ba, ta san babu mai iya kawo baƙo zaurena sai ni. Na ce shekara goma sha ɗaya. Ta ce shekara goma sha ɗaya ina jin ta, ban shigo ko sau ɗaya na ce mata sannu ba, ban ce ni ma ɗana ne ba, amma baƙo ya zo kwana huɗu na buɗe masa. Ta ce dariyar mata ba ita ta fi mata ciwo ba, mata za su gaji. Wuri ɗaya take da shi a duniya inda take ganawa da mutumin nan, yanzu na cika wurin da jama'a. Washegari ta mirgina dutsen da kanta ta kife shi a bayan madafa, ta ɗora tulu a kai.

Cikin mako guda yara suka ɗauka. Suna bin kabu-kabu a guje suna rera sunan, wasu samari suka sa shi a waya, in an kira su sai matata ta yi kira daga aljihun wando. Tela ya zo har gida, ya tsaya a zaure ya kasa zolaya, ya ce da ya san abin da ke bayan maganar da ya haɗiye harshensa. Na ce masa harshensa ba shi da laifi, nawa ne.

Na hau mota na tafi Yamai. Na sami baƙon a ɗakin aikinsa mai bango kamar katifa, ya tare ni da murna, ya nuna mini muryarta a allon na'ura, wani koren zane da aka yayyanka gunduwa gunduwa. Na gaya masa gaskiya duka, na fassara masa waƙar yadda take, wannan karon ban ƙara ba ban rage ba. Sannan ya ce, Baba sau biyu na tambaye ka, ka sa na yi sata da hannuna. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce zai cire kiɗan daga rumbu a ranar, amma waɗanda suka riga suka ɗauka suna da takarda, kuma gindin takardar sa hannuna ne, sai wa'adinsu ya cika. Wanda ya shiga wayoyin mutane kuwa babu mai iya kiran sa ya dawo. Ya kwafe mini ainihin ɗaukar, ita kaɗai da dutsenta babu sakso, a wani ɗan kati kamar farce, ya goge nasa a gabana. Ya ce yana so ya zo Gaya ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Da na gaya mata ta ce kada ya wahalar da kansa, shi ya tambaya, an ba shi amsa.

Na miƙa mata katin da hannu biyu. Ta ɗora shi a tafin hannu tana juyawa, ta ce duka yana cikin wannan ɗan abin. Na ce duka. Na ce in tana so a sa mata ta ji. Ta ce ita ta san abin da ta faɗa. Ta mayar mini ta ce in kai wa mai shi, don shi aka yi, ba don ni ba. Da azahar na taka har tsakiyar gada na sake shi a ruwan da ya ɗauki ɗanmu. Wani ma'aikacin duwan da ya san ni ya ɗaga murya ya ce Mushe yau kifi ake ciyarwa. Na ce eh, ranka ya daɗe.

Yau shekara uku ke nan. Ba ta bar gidana ba, ba ta hana ni abinci ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na nemi gafara, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don ba ta ƙarya. Amma yafiya ba ta mayar mata da abin da na ɗauke ba. Ko guɗa ba ta yi a biki yanzu, ko jika ta goya ba ta yi masa ƴar waƙar barci, jijjiga kawai take yi. Na yi tunani na gane ba ranar da na kawo baƙo na fara cutar ta ba. Na fara ne tun ina zaune a zaure ina shan kukanta ina jin sauƙi, na bar ta ita kaɗai da nauyin.

Ku masu yawo da na'ura kuna ɗaukar muryoyin ƙauye, ban ce ku daina ba, na ji abin da kuke iya yi da shi kuma ya yi kyau. Amma ku ji yarda daga bakin mai muryar, ko da mijinta ya ɗaure fuska ya kawo muku al'ada. Ku nemi mutum na biyu ya fassara muku, wanda ba ya neman ya burge ku. In jikinku ya ce muku wannan kuka ne, ku yarda da jikinku. Ku kuma tsofaffi irina masu son a ce da su aka yi, ku sani akwai abin da ke cikin gidanka amma ba naka ba ne. In ka ji iyalinka tana kuka a ɓoye, ko ka shiga ka zauna kusa da ita, ko ka yi nisa ka bar ta da Ubangijinta.

Tallar madarar ta daina fitowa, amma wani gidan rediyo a tsallake ya tsinci kiɗan yana buɗe shirin gaishe-gaishe da shi. Shekaranjiya da safe ina wurin mai shayi aka sako. Na ce ya kashe. Samarin da ke kan benci suka yi dariya, ɗaya ya ce a yi wa Baba haƙuri, tsufa ya sa ba ya son kiɗa mai daɗi. Na ce haka ne, ɗana. Na bar shayin na tashi.